Ishawu a Layin Uwarsa

Ni ce Ayishetu, 'yar Zangon Kumasi, mai dafa wa mutane shinkafa da wake a unguwar Satwa, nan Dubai. Ban yi karatu ba, amma idona ƙalau yake.

Da zaɓen shugaban ƙungiyar Hausawan Dubai ya ƙarato, jama'a ta rabu biyu. 'Yan kago, masu harkar aika kaya a unguwar Khabaisi, suna bayan Alhaji Mu'awiya, 'yan ofis suna bayan Sulaiman. Har gaisawa suka daina. Kowane ɓangare ya ce ɗayan zai yi maguɗi da takarda, sai aka ce a yi irin na gida: ɗan takara ya tsaya, masoyansa su yi layi a bayansa, kowa yana kallo.

Ɗana Ishawu lodin kwantena yake yi wa Mu'awiya, bizarsa ma a hannun mutumin take. Ni kuwa Sulaiman na bi, don shi ya tsaya a kan gawar wata 'yar garinmu har aka binne ta. Ranar zaɓen gwiwata ta ƙi ɗaukata. Ishawu ya hango, ya baro layin ubangidansa ya zo ya riƙe ni. Na ce ya koma. Ya ce ba zai bari uwarsa ta faɗi a gaban mutane ba. Haka aka ƙirga shi da mu.

Mu'awiya ya sha kaye, ya huce a kan ɗana, ya soke bizarsa.

Na yi ta sintiri wajen Sulaiman, kullum sai ya ce in yi haƙuri, shwaiya shwaiya, wai a bi a hankali. Ashe sulhu suke ƙullawa, ya ba Mu'awiya kujerar mataimaki. Don rashin kunya har aiko mini suka yi in dafa abincin walimar. Na je, hannu wayam.

Na tsaya a gaban Mu'awiya na ce, "Alhaji, gwiwata ya riƙe, ba Sulaiman ya bi ba."

Bai ko ɗago kai ba. "Inda mutum ya tsaya, nan ce ƙuri'arsa, Hajiya. Khalas, magana ta ƙare."

Sulaiman ya zuba wa farantinsa ido.

Na ja ƙafata zuwa tsakiyar ɗakin. Na ce tunda layi suka sani, duk wanda ya yarda an zalunci Ishawu ya taso ya tsaya a bayana. Na tsaya har gwiwar ta fara rawa, sannan na waiga. Ba kowa.

Jibi jirgin da zai mayar da Ishawu gida zai tashi. Ba zan daina faɗa ba.