Man Shanun Dada

Dada na cikin kwarara man shanu a kan tuwon Atu, Maccido ya jingine babur ɗinsa a gindin rumbu ya yi sallama. Man ya gangaro ta gefen malmala ya taru a cikin miya. Tsohuwar ba ta ɗago ba sai da ta karkaɗe ludayin.

"Maraba da malamin boko," in ji ta. "Yau ba makaranta, ko gwamnati ta kore ka?"

"Asabar ce, Dada."

Ya durƙusa ya gaida mahaifiyarsa. Ya tambayi shanu, ya tambayi dawa, ya tambayi ciwon gwiwarta. Yarinyar da ke zaune kan tabarma kuwa ko kallonta bai yi ba, alhali saboda ita ya keto taɓo tun daga Tambuwal har Fakku. Atu 'yar farinsa ce. A gidansu uba ba ya kiran sunan ɗan fari, ba ya tambayar lafiyarsa a gaban manya, ba ya cewa nawa ne. Tun da aka yaye ta Dada ta ɗauke ta, ta zama tata.

Atu na shekara shida sankarar jini ta kama ta. Lokacin kuɗin man fetur sun fara shigowa, gwamnati ta ɗauki nauyin kai ta wani babban asibiti a Kudu. Dada ce ta yi jinya, tsohuwar da ba ta taɓa wuce Sakkwato ba, tana shimfiɗa zanenta a ƙarƙashin gado cikin mutanen da ba ta jin yarensu. Yaran ɗakin ɗaya bayan ɗaya aka riƙa fitar da su a naɗe. Atu ta dawo gida da ranta, kai ba gashi, haƙarƙari duk a waje. Tun daga ranar, saniya mafi nono a garken ta zama ta Atu.

Yanzu tana sha huɗu, amma tsayinta na 'yar shekara goma ne. Faɗi kawai take yi. Wuyanta ya yi baƙi-baƙi, an goge da soso an gaji. Ga ƙishirwa, ga barci a zaune. Matan maƙwabta in sun shigo sai su ce tubarkalla, Dada ta ji daɗi, baki har kunne.

Makon jiya ne Maccido ya kai ta awon shekara a Sakkwato. Likitan ya sa ta fita, sannan ya yi masa bayani dalla-dalla. Sankara ba ta dawo ba. Amma hasken na'ura da aka gasa mata kai da shi, da ƙwayoyin da ta daɗe tana sha, sun taɓa wani ɗan ƙullutu a cikin kai, wanda shi ke umartar jiki ya yi tsawo, ya ƙona abinci, ya kuma sanar da mutum ya ƙoshi. Jikinta tarawa kawai yake yi. Sukari ya fara hawa a jininta. In ba a janye mai da yawan ci ba, a sa ta motsa jiki, a riƙa kawo ta awo, abin zai kai ga idonta da ƙodarta tun ba ta kai ashirin ba.

To me Maccido ya yi? Ya mai da ita Fakku, Dada ta ce yaya, ya ce lafiya lau, ya hau babur ya gudu. Mutumin da in ya daka tsawa aji guda ke yin tsit! Mako guda abin yana cinsa, yana jin haushin kansa.

"Ci, uwata," in ji Dada, ta tura akushin gaban Atu. Yarinyar ta sa hannu a hankali, kamar mai aikin dole.

"Dada," in ji Maccido, idonsa a ƙasa, "rannan ban faɗa miki duka ba. Likita ya ce a rage wa yarinyar nan abinci. Man shanu a daina."

Dada ta yi dariya. "Wane likita na wanga? Yaro shina cin abinci a ce ciwo na?"

"Ya ce ƙibar ba ta lafiya ba ce. Maganin da aka yi mata ne ya bar mata ita."

"Maganin da sunka ba ta da hannunsu?" Dariyar ta ɗauke. "Kai kana ina sa'ad da nike ɗaukar ta kamar damin kara? Ni na ga ramammu, Maccido. Na san inda anka kai su. Duk wanda anka fitar daga ɗakin nan ramamme na. Ban ga an fitar da mai ƙiba ba ko guda."

Gaskiya ta faɗa, abin da idonta ya gani ke nan. Tausayinta ya kama shi har ya ji kamar ya sake cewa lafiya lau. Sai Atu ta miƙa hannu ga kwanon ruwa, ta shanye shi tas, ta waiga tana neman wani.

"In kin yarda a rage, sai ta zauna," in ji shi. "Za ki iya?"

Dada ta dubi akushin, ta dubi yarinyar. Ba ta iya ƙarya ba, ko don ta ci gardama. "Ba ni iyawa. In ta bar loma guda, ba ni barci."

"To zan tafi da ita Tambuwal."

"Da wa za ka tafi?"

Ya gane tambayar. So take ta ga ko bakinsa zai iya kiran sunan.

"Da Atu," in ji shi. "'Yata ce, Dada."

Yarinyar ta ɗago da sauri, hannunta a cikin tuwo. Ba ta taɓa jin sunanta a bakinsa ba.

Dada ta dafa gwiwa ta miƙe. Ta shiga ɗaki. Suna jin motsin kwanuka da jan hanci. Ta fito da ƙunshin kaya, ta ɗaura a bayan babur da kanta, ta ja igiyar da ƙarfi fiye da yadda take bukata.

"Tunda kunya ta ƙare, ɗauki ɗiyarka," in ji ta, ba ta dube shi ba. "Amma in ta rame, kada ka kawo min ita. Na gani sau ɗaya, ya ishe ni."

Atu ta wanke hannu ta hau. Babur ɗin ya ɗan nutse. Dada ba ta raka su ko zaure ba.

Sun bar gari, sun shiga tsakanin gonakin dawa. Hannayen Atu na riƙe da ƙarfen kujera, don ba ta saba taɓa shi ba. Sun kusa mararrabar Kebbe ta matso da bakinta kusa da kunnensa.

"Baba, in na rame, ciwon zai dawo?"

Ya buɗe baki zai ce a'a. Sai ya tuna shi ma ya yi wa likitan wannan tambayar, likitan ya ce rama ba ta kawo shi, amma bai ce ba zai dawo ba.

"Riƙe ni da kyau," in ji shi. "Akwai taɓo a gaba."