Sabon Kafet a Falon Baba

Tun da wani ciwo ya kama Baba, ƙafafunsa suka daina jin maganarsa. Likita ya ce ƙafar lafiyarta ƙalau. Saƙon da ƙwaƙwalwa ke turo mata ta jijiyoyi ne yake maƙalewa a hanya. Yakan tsaya cak a tsakar ɗaki kamar an kafe shi da ƙusa. Amma idan idonsa ya ga layi a ƙasa, ƙafar takan ɗaga ta tsallake. Da layukan tayil ɗin falo yake kai kansa banɗaki, bai kuwa taɓa faɗa wa kowa ba, domin a ganinsa zubar da girma ne dattijo ya riƙa bin zane kafin ya taka.

Ranar da ya dawo daga ganin likita, ya tarar babban ɗansa ya shimfiɗe falon da kafet ruwan toka, bango zuwa bango, ko ɗigon ado babu.

"Don ko ka faɗi kada ka ji ciwo, Baba," in ji ɗan.

"Allah ya yi albarka," in ji Baba.

Bayan shayi fitsari ya matse shi. Ya miƙe, ya dubi ƙasa, bai ga abin tsallakewa ba. Ƙofar banɗakin na kallonsa. Ya umarci ƙafar dama, ta ƙi gusawa daga inda take. Zufa ta keto masa. Ya tuna shi ya koya wa wannan ɗan tafiya, ga shi yanzu ɗan yana nannaɗe hannun riga.

"Bari in ɗauke ka, Baba."

"Kafet nake dubawa. Yana da laushi."

Matar Baba ta leƙo daga kicin, ta dube shi, ta dubi ƙasa.

"Kauce, Injiniya," ta ce wa ɗan. "Ka kashe kuɗi ka goge wa ubanka hanya."

Ta gitta tsintsiya a gaban ƙafarsa. Ƙafar ta ɗaga ta tsallake. Ta ajiye ludayi, ya tsallake. Ta jawo lema.

"Ashe kin sani," in ji Baba, idonsa a ƙasa.

"Malam, ni nake wanke tayil ɗin. Taka, kayana sun kusa ƙarewa."

Na ƙarshe takalminta ne. Ya tsallake shi, ya shiga, ya danna sakata.