Wada Bai Yi Haki Ba

A shekarar farin da gero ya bushe tun bai kai gwiwa ba, Malam Amiru, malamin motsa jiki na makarantar Tsamaye, ya dawo daga kwas na mako uku da usur a wuya da sabon ilimi a kai. Ilimin shi ne: naman ƙirji ake horarwa, wanda numfashinsa ya yi ƙarfi ba mai kayar da shi.

Ya samu Wada, ɗan kokawar garin, wanda wandonsa ya fara yi masa yawa. Ya ba shi kara mai rami, ya ce ya riƙa zuƙar iska ta ciki hanci a toshe, sannan ya hura cikin tulun ruwa har kumfa ta taso. Sau talatin da safe, sau talatin da la'asar.

Saude, matar Wada, da ta yi rabin wuni a layin rijiya kafin ta samo ruwan, ta tsaya tana kallon mijinta durƙushe yana ɓulɓula shi.

"Malam, wanga aiki ba ya buƙatar tuwo?"

"Uwargida, iska ita ce abincin jini," in ji Malam Amiru. Shi yana da albashi.

Mako shida ana haka. Kuma abin ya yi aiki, don Wada kan yi gudu har bayan gari ya dawo yana hira. Sai dai kunun dusa yake sha, wani lokaci ya ci ganyen tafasa.

Ranar kasuwar Bafarawa aka haɗa Wada kokawa da Labbo, makiyayin da shanunsa suka ragu saura biyu, amma ɗaya tana ba da nono. Suka sarƙe. Suka daɗe suna zagaye fili. Labbo sai huci yake kamar zugazugi, Wada kuwa numfashinsa lumui. Can ƙafafun Wada suka fara rawa, idonsa ya yi duhu. Labbo ya ɗan tura shi kawai, ya zube.

Malam Amiru ya kutsa cikin fili yana busa usur, ya durƙusa ya kara kunne a ƙirjin Wada.

"Jama'a, ku zo ku ji! Ko haki bai yi ba! Ku dubi wanda yac ci, kamar shi mutu!"

Labbo ne ya je ya karɓo ƙwaryar fura wajen matarsa, ya tallafi kan Wada ya ba shi. Wada ya shanye bai ɗago ba.

Malam Amiru ya rubuta rahoto ya aika Sakkwato, aka ƙara masa ƙauyuka biyar da zai riƙa horarwa. Wada kuwa, bayan kwana uku ya ɗaure tabarmarsa.

"Ina za ka?" Saude ta tambaye shi.

"Za ni Kurmi, can kudu, cin rani. In Malam ya zo, ki ce ina gaishe shi."