Ɗorawar Barira a Gonar Kamaru

Gonar ta Alhaji Kamaru ce, amma ɗorawa ukun da ke bakin iyakarta ta gabas na yayarsa Barira ne. A Kwarin Maje wannan ba abin tambaya ba ne. Ƙasa ta yi wa mutanen nan kaɗan tun zamanin kakanni, gona tana jikin gona, shi ya sa za ka ga ƙasa ta wani ce, itacen da ke kanta na wani, kuma ba a taɓa jin an je gaban alƙali a kan haka ba. Mahaifiyarsu ce ta ba Barira ɗorawar da bakinta, a gaban liman da mai unguwa, shekara guda kafin ta rasu. Ba a rubuta ba. Wa zai tsaya rubuta abin da har awakin gari sun sani?

Da itatuwan nan Barira ta riƙe kanta tun da mijinta ya rasu. In bazara ta yi, a kaɗo mata, ta raba gari da kalwa, ta dafa, ta rufe ta yi kwanakinta, ta kirɓa. Har daga Tofa ake aiko sayen daddawarta. Ba ta taɓa miƙa wa ƙanenta hannu ba, kuma tana ji da wannan, wataƙila ma fiye da kima.

Shi kuwa Kamaru Allah ya buɗa masa a kasuwar Dawanau, ta hanyar riɗi da zoɓo. Ya koma birni da zama, ya yi tumbi, ya zama Alhaji Kamaruddeen. Da Barira ta ji ya sayar da gonar ga wani kamfani mai gina sito, ta ji ba daɗi, amma ba ta tsorata ba. Nasa ya sayar.

Bayan ƙaramar Sallah ya zo ƙauye yin sallama, wai za su yi tafiya shi da matarsa Hajiya Ramlat. Aka shimfiɗa masa tabarma a ƙofar gida, maza suka kewaye shi, Barira da sauran mata suna ji daga zaure.

"Umara za a je, Alhaji?" in ji Mai unguwa Dabo.

"A'a, ranka ya daɗe. Duniya za mu zagaya."

"To, kasuwanci ke nan."

"Ba kasuwanci. Kallo kawai."

Ya yi musu bayani yana murmushi. Kwana ashirin da huɗu ne, jirgin sama guda nasu su kaɗai, mutum hamsin, kujerun suna miƙewa su zama gado. Akwai likita a ciki, akwai mai dafa abinci, akwai jagora da ya san tarihin kowane dutse. Ko jakarka ba ka ɗauka, kana isa masauki ka tarar ta riga ka. Za a nuna musu duk wani abin al'ajabi da Allah ya halitta da wanda ɗan Adam ya gina.

Mai unguwa ya daɗe yana shafa gemu, ya rasa addu'ar da ake yi wa mai irin wannan tafiya. Can ya ce, "To, Allah ya sa a kalla lafiya." Aka shafa. Barira ta ƙulle wa ƙanenta daddawa a leda, direba ya karɓa ya jefa a bayan mota.

Kwana huɗu da tafiyarsa ta je duba ɗorawarta, ta tarar an shafa wa kowacce jan fenti a gindi. 'Ya'yan sun zubo reshe-reshe, bana sun yi abin kirki, amma kore ne shar, da sauran aƙalla wata guda kafin su nuna.

Wani mutum mai farar hular kwano ya taho wajenta. Shi ne Injiniya Abdulkabir mai kula da aikin, kuma ba mutumin banza ba ne, don har ƙasa ya rusuna ya gaishe ta. Ya saurare ta har ta gama.

"Inna, na gane," ya ce. "Mu ma a garinmu haka ake yi. Amma takardar da ke hannuna ta ce gona da duk abin da ke cikinta. Katanga ta nan za ta bi. Nan da mako biyu, ran Alhamis, masu zarto za su zo."

"Ɗana, itacen nan ba na Kamaru ba ne balle ya sayar."

"To shi zai faɗa. Ya kira maigidanmu ya ce ba sa cikin cinikin, sai a ja katangar baya taku biyar, ba wani abu ba ne. Amma da bakinsa, Inna. Ni ba ni da wannan ikon."

Ta koma ta taho da Mai unguwa Dabo ya ba da shaida. Injiniya ya ba shi kujera, ya sa aka kawo masa ruwan sanyi, ya maimaita masa maganar nan dai. Liman da ya yi shaida ta biyu kuwa ya shekara shida a kabari.

Maƙwabciyarta Malama Sauda, mai koyarwa a firamare, ita ke da babbar waya. Suka kira Kamaru, ba ta shiga. Sauda ta ce a aika saƙon murya. Barira ta gyara ɗankwali kamar yana ganinta, ta yi magana a tsanake, aka tura. Washegari ba amsa, jibi ma haka. Sauda ta nuna mata 'yan alamun da ke ƙasan saƙon, ta ce ya isa wayarsa, buɗewa ce bai yi ba.

Abin da ya fi ci mata rai shi ne kullum tana ganinsa. Hotunansa suna fitowa a wayar Sauda safe da yamma. Ga shi a kan wani tsauni a ƙasar Peru, cikin kangon gari na duwatsu, ya dafa wata dabba kamar an haɗa raƙumi da tunkiya. Ga shi a wani tsibiri, ya tsaya a gaban wasu ƙattin kawuna na dutse, ya sa hular malafa irin ta Turawa wadda ba ta yi masa kyau ko kaɗan ba. Yana da lokacin ɗaga yatsu biyu a hoto, ba shi da lokacin jin muryar yayarsa.

"Kada ki ga laifinsa da yawa, Yaya Barira," in ji Sauda. "Saƙonni ɗari nawa ke shigo masa. Kuma in muna rana, su suna barci."

"To shi ba ya farkawa ne?"

Ta hau mota ta je ofishinsa a Dawanau. Manajansa Naziru ya ce Alhaji ya bar umarni kada a neme shi sai in gobara ce ta tashi a sito. Ya yi alkawari zai gwada, yana faɗa yana duba wani wajen. Suka aika wa Hajiya Ramlat, ita ta amsa da hoton hannuwa biyu na addu'a, ta rubuta za ta gaya masa in sun sauka. A ina za su sauka, ba ta ce ba.

Saura kwana biyar masu zarto su zo, da hantsi, Sauda ta sake gwadawa don kada a ce ba a yi ba. Sai ga murya.

"Assalamu alaikum, wa ke magana?"

Sauda ta cusa mata wayar a hannu.

"Alhaji? Barira ce."

"A'a, Yaya! Ina kwana? Ko da yake mu nan yamma ta yi."

"Lafiya lau. Ya hanya? Ya gajiya?"

"Ba gajiya, Yaya, ai ba a barin mu mu gaji."

"Madalla. Ya Hajiya? Ya baƙunta? Ana dai samun abincin da za a ci?"

Sauda tana zungurin ta da gwiwar hannu, tana nuna gabas da baki. Barira ta gani sarai. Amma shekara hamsin da takwas ba ta taɓa tarar matafiyi da kuka ba tun ba a gama gaisawa ba, bakinta ya ƙi. Mutum yana can ƙarshen duniya, ka fara masa da buƙata kamar mai jiran ya ɗauka?

"Yaya, da kin ga inda muke! Kambodiya ake ce mata. Wani gini ne, girmansa ya fi garinmu har da gonaki, duk dutse ne aka sassaƙa. Ya mutanen gida? Ya Mai unguwa?"

"Kowa lafiya. Yana gaishe ka. Dama, Alhaji, wata 'yar magana ce..."

"Yaya, ga jagoranmu yana ɗaga tuta, motar za ta tashi. Mutanen nan ba sa jiran kowa. Zan kira ki in sha Allahu, a gaida kowa da kowa."

Wayar ta yi shiru. Suka sake kira sau bakwai, ba ta shiga ba.

"Haba, Yaya Barira!" Sauda kamar ta yi kuka. "Minti uku fa kika samu!"

Barira ta koma gida ta zauna a bakin murhu, ba ta hura wuta ba. Ba Kamaru take jin haushi ba yanzu, kanta take ji, haushi mai ɗaci da ta san ba zai bar ta ba. Kalma goma ta isa. Ta yi ta jera su a ranta, gajeru, a shirye, yanzu da ba mai ji.

Ran Alhamis masu zarto suka iso da sassafe a bayan a-kori-kura. Barira ta riga su zuwa. Ta daina maganar itacen nata ne, ta dawo roƙon a bar su mako uku kawai, 'ya'yan su nuna ta kaɗe na ƙarshe. Injiniya ya kira maigidansa a gabanta, ya yi ta "to, ranka ya daɗe," ya kashe. An riga an sauke bulo, magina suna tafe ran Asabar. Abin da ya iya yi mata shi ne ya sa masu zarto su jira har azahar, ko Allah zai sa Alhaji ya kira.

Suka zauna a inuwar ɗorawar suna jira, ita da masu yankan, don ba wata inuwa a wurin. Ɗayansu har ya miƙo mata ruwa. Aka kira azahar, aka yi salla, aka tada inji.

Ba ta zaci abin zai yi sauri haka ba. Itacen da mutum biyu ba sa iya rungumewa, kafin a dafa shinkafa ya kwanta. Matan gari suka fito suka tsaya daga nesa. Da ta ukun ta faɗi, rana ta sauko a wurin gaba ɗaya, Barira ta ga har rufin makarantar su Sauda, wanda ba a taɓa hangowa daga nan ba. Ta tsinki 'ya'yan ta ɓare da farce. Kalwar fara ce, laushi gare ta, ba abin da za ta yi wa kowa.

Ana shirin la'asar Sauda ta taho da gudu, mayafi a hannu.

"Shi ne! Har da hoto, ga shi yana ganin ki!"

Fuskar Kamaru ta cika wayar, jan hasken yamma a kanta.

"Yaya, ki yafe ni. Yanzun nan a mota na saurari saƙonninki, duka goma sha ɗaya. Wallahi mantawa na yi ban gaya wa kamfanin ba. Ɗorawar da Innarmu ta ba ki ai taki ce, wa bai sani ba? Ina ajiye wayar nan zan kira mutumin, magana ɗaya ce. Amma tsaya ki ga ikon Allah tukuna."

Ya juya wayar. Wata jar hanya ce, kukoki a jere dama da hagu, dogaye, santala-santala, ba irin namu ba. Turawa suna tsaye a ƙarƙashinsu ƙanana.

"Madagaska ke nan, Yaya. Jagora ya ce wasunsu sun shekara ɗari takwas. Akwai masu gadi, ko ɓawo ba a yarda ka ɓantara ba. Wallahi da na tsaya a gindinsu sai da na yi hawaye. Mu ba mu san darajar itace ba."

"Sauda," in ji Barira, "juya masa."

Sauda ta juya wayar a hankali, daga kututture na farko zuwa na uku.



"Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un," in ji Kamaru. "Yaushe?"

"Ɗazu da azahar."

"Yaya... zan saya miki kalwa. Ko buhu nawa kike so, Naziru zai kawo miki har gida, duk shekara." Wata murya ta kira shi da Turanci daga baya, ya waiga. "Wai a taru, rana za ta faɗi, za a ɗauki hoto. Ba sai na je ba."

"Je ka, Kamaru," ta ce. "Kada a bar ka."

Sauda ta kashe wayar. Barira ba ta yi kuka ba, ta dai zauna a kan kututturen tsakiya, danshinsa yana ratsa zanenta.

Injiniya Abdulkabir ya matso, hular kwanonsa a hannu, ya kasa haɗa ido da ita.

"Inna, itacen dai naki ne. Na ce kada kowa ya ɗauki ko tsinke. In kin yarda su faskara, motarmu ta kai miki gida."

Dafa kalwa ba abin da take ci kamar itace, tukunya takan wuni a kan wuta. Barira ta dubi rassan da suka cika rabin gonar, ta auna da ido yadda ta saba.

"A kai," ta ce.

Sawu shida motar ta yi kafin magariba. Aka tara mata itacen dafa kalwa na shekara uku a tsakar gida, har ya tare hanyar ɗakinta, ta raɓa ta gefe ta shiga.