Rabin Fuskar Zakiru

Ni dai mai gyaran rediyo da waya ne, kuma imprimanti, na'urar buga takarda da hoto, ba ta cikin abubuwan da nake marmarin gani a kan teburina. Na'ura ce mai baƙin hali, ka ba ta tawada ta ƙi jan takarda, ka ba ta takarda ta yi maka amai. Amma ranar da Inna Hanatu ta sauke ƙullin da ke kanta a bakin rumfata ta kwance zanen, ba haushi na ji ba. Gabana ne ya faɗi.

Imprimantin ɗanta ce, Zakiru mai hoto. Duk Dakoro da ita ake fitar mana da hoton katin ɗan ƙasa, tun tana fara har ta koma ruwan ƙasa. Daminar da ta wuce ruwan ƙorama ya tafi da Zakiru a hanyar Korahane, shi da moto, wato babur ɗinsa, da waya da duk abin da ke aljihunsa.

A bakin na'urar akwai takarda maƙale, ta ɗan leƙo waje. Hula ce, da goshi, da idanu biyu. Idanun Zakiru ne, suna kallon rufin rumfata.

"Abarci, ka tashe ta," in ji Inna. "Ta ƙiya kamawa."

Na kai hannu zan zaro takardar, ta buge mini hannu.

"Kak ka jawo! Sauran na ciki."

Da kyar ta ba ni labarin. Bayan an share makoki, ƙanwarsa Ramla ta buɗe shagon don ta yi shara, ta kunna ordinater, wato kwamfuta. Sai imprimanti ta yi gurnani ita kaɗai, ta fara turo kan mamaci. Ramla ta fasa ihu. Inna ta shigo da gudu riƙe da ƙwaryar rubutun dangana da malam ya aiko mata, ta sheƙa wa na'urar shi duka. Nan take fitilar ta mutu.

Ni na san ba aljani a ciki. Katinsa ne ya ƙare, ya ɗauki kansa hoto, ya tura, kuran, wato lantarki, ya ɗauke kafin ya fito, shi kuma ya hau moto ya tafi. Ordinater ta riƙe aikin har aka sake kunna ta. Na san wannan sarai, amma tsigar jikina ba ta yarda da sanin ba.

Na fara daga inda ya kamata, don sau da yawa ciwon na'ura a bango yake. Na sa rediyo a firiz ɗin, wato soket na bango, ta kama waƙa. Na canja fil, igiyar wutar. Na auna akwatin wutarta, yana ba da wuta daidai. Na cire komai, na danne maɓallin har yatsana ya gaji, na mayar. Ko ƙyaftawa ba ta yi ba.

Sai na kwance bayanta, a hankali don kada takardar ta motsa. Ga allon wutar nan ya yi baƙin ɓawo. Tawadar malam gawayi ce da ƙaro, ta bushe ta haɗe hanyoyin da bai kamata su haɗu ba, fiyus ma ya ƙone. Ayoyi dai an sha su, sai dai ba cikin da aka yi niyya ba.

"Inna, ina ordinater ɗin?"

"An saishe ta Maraɗi wajen rabon gado. Wanda ya saye ya goge komi."

Na ajiye sukudireba. "To ki ji gaskiya. Wagga aba ba ta riƙe komi cikin kainta. Ko na tashe ta, hoton ba shi ciki. Ba ku da wani hoto nai?"

"Shi ka riƙe da abin ɗaukar. Wa za ya ɗauke shi?"

Ta gyara lulluɓi. Sai a lokacin na lura tun zuwanta ba ta ambaci sunansa ba.

"Ɗan hwari na," ta ce. "Ka san halinmu. Ban taɓa kiran sunanai ba. In ya shigo gaishe ni, gehe nika kallo. Kakatai ta goye shi, ni ko sai dai in saci ƙeyatai in ya juya. Yanzu mutane na ce mani yana da wushirya, wai in ya yi dariya har kunne. Ni da na haihe shi, sai an ba ni labari? Kai dai tashe ta, Abarci. Bakinai nika so in gani."

Wallahi na ji tausayinta har na rasa inda zan sa idona. Na wanke allon da alkol da tsohon buroshi, na canja fiyus, na shanya shi a rana. Ita ko ta zauna a benci, ta ƙi ruwa. Duk inda na juya a rumfar sai in ga idanun nan na bi na. Wani Buzu ya kawo waya gyara, ya leƙa teburin, ya ce zai dawo gobe.

Da la'asar na mayar da allon, na sa fil, na yi bisimilla na danna.

Fitila ta kawo kore. Na'urar ta yi gurnaninta na dā, kan tawada ya ruga dama ya dawo hagu. Inna ta miƙe tsaye. Sai takardar ta motsa, ta zo suu, ta faɗo gaba ɗaya a kan teburin.

Daga ƙasan idanun har ƙarshenta fari ne fat.

Inna ta ɗauka da hannu biyu. Ta daɗe tana kallo, ido cikin ido, yadda ba ta taɓa yi masa ba yana da rai. Ta juya bayan takardar, ta leƙa cikin na'urar, ta sa yatsa ta laluba.

"Na hwaɗi maki, Inna."

"Ka hwaɗi."

Ta miƙo mini takardar.

"Maida ta yadda ka ishe ta, ka kashe abin."

Na tura farin gefen cikin bakin na'urar har ya ɓace, ya rage hula da goshi da idanu. Na zare fil, fitilar ta mutu. Ta naɗe ta da zanenta, na taya ta aza wa kai. Da ta juya za ta tafi na ji ta yi magana ƙasa-ƙasa, ba da ni ba.

"Mu tahi gida, Zakiru."