Kofin Gwaji

Akori-kurar ta faɗa wani rami, tukwanen da ke baya suka yi ƙara gaba ɗaya. Mai Kofi ta dafe ƙirji ta waiwaya, amma a ranta addu'a take yi su farfashe duka kowa ya huta. Ina! Kawu da hannunsa ya jera su cikin busasshiyar ciyawa, ko ƙwai ba a yi wa irin wannan gata.

"Direba, bi a hankali," in ji Kawu. "Abincinmu ne a baya, har da naka."

Sana'ar Kawu ita ce yin tukwanen tace ruwa. Ana kwaɓa yumɓu da dusar katako, a matse a inji ya fito kamar tukunyar shuka fure, a gasa a tanderun lantarki. Dusar ta ƙone, ta bar ƙananan ƙofofin da ido ba ya gani. Sai a zaunar da tukunyar a bakin bokitin roba mai famfo, a zuba mata ruwa, ya dinga ɗiga a hankali, datti da ƙwayoyin cuta su tsaya a sama. Ita kuwa Mai Kofi, 'yar ƙanwarsa, aiki biyu ne da ita a kamfanin. Ita ke gwada kowace tukunya bayan gashi, ita ce kuma mai talla. Idan an je gaban masu saye, sai a ɗebo ruwa mafi ƙazanta a unguwar, a tace, ta tara kofi ta shanye a kan idonsu. Daga nan sunan ya bi ta, har Inna mahaifiyarta Mai Kofi take ce mata in tana jin tsokana.

Ba ta taɓa jin tsoron kofin ba sai yau. A makon jiya, tanderu na tsakiyar ci, an cika shi maƙil da kayan wata makarantar firamare, sai aka ɗauke wuta. Ya huce rabi da rabi, can kuma aka dawo da ita da ƙarfi kamar an yi fushi. Kawu ya je ofishin kamfanin wuta ya wuni a kan benci. Da ƙyar wani jami'i ya ba shi kujera da ruwan sanyi, ya yi masa bayani cikin ladabi cewa layinsu an mayar da shi na rabo, wuta mai ɗorewa kuwa ta manyan masana'antu ce masu layi na musamman. Ɗaya daga cikin manyan shi ne kamfanin da ke tsallaken titi, wanda ke haɗa injinan tace ruwa na ƙarfe masu ƙyalli. Fitilun farfajiyarsu ko da rana tsaka ba sa kashewa.

Tukwanen sun fito jajur gwanin sha'awa. Sai da Mai Kofi ta zuba musu ruwa ta ga abin da ya faru.

"Kawu, zuba suke yi, ba ɗiga ba. Akwai tsaga a jikinsu."

"Ina tsagar? Nuna min."

"Ba a ganinta. Amma tukunyar ƙwarai ba ta wannan saurin, kai ka koya min."

"Ruwan ya fito fari ko bai fito ba?"

"Ya fito."

"To, ki bar ni in ji da abu ɗaya. Idan ban kai wannan makon ba, na tsallaken titi za a ba wa kwangilar. Wa zai sake sayen yumɓu bayan ya ga ƙarfe? Ki duba mutanen nan da ke aiki, ki faɗa min wanda zan fara sallama. Idan gashi na gaba ya yi kyau, ni da kaina zan je in canja musu a hankali, ba wanda zai sani."

Kawu ba mugu ba ne, abin da ya fi damun ta ke nan. Da mugu ne da ta san yadda za ta yi da shi. Shi ya kwaso su ita da Inna ranar da mahaifinta ya rasu, ya ba su ɗaki a gidansa, ya yi mata makaranta, bai taɓa goranta musu ko da wasa ba. Da ta kai wa Inna maganar, tsohuwar ko ɗagowa ba ta yi daga wankin da take yi ba. "Yayana ne, rufinsa ne a kanmu. Ke dai ki yi abin da aka sa ki." Dabarar da ta rage mata ɗaya ce, ta ɗauko tsohuwar tukunya lafiyayya ta rungume a cinya, da nufin da ita za a yi gwajin. Ta san hakan bai gyara komai ba, cikinta kawai ta tsirar.

A makarantar an tara yara a inuwar dogon baranda, an ajiye tebur a gaba. Shugabar makarantar doguwar mace ce mai tabarau a kan hanci, irin waɗanda ba a yi musu wayo sau biyu. Ta tarbe su da fara'a, tana ba su labarin yadda famfunansu suka bushe tun da injin gidan ruwa ya daina samun wuta, yara suka koma shan ruwan tsohuwar rijiyar bayan aji, ciwon ciki ya hana rabin 'yan aji ɗaya zuwa.

Mai Kofi ta ɗora tukunyarta a tebur. Shugaba ta dube ta ta saman tabarau.

"A'a, 'yata. Wannan kun zo da ita a cinya, ta saba da ku. Bari in zaɓo da kaina."

Ta taka har bayan mota, ta sa hannu can tsakiya ta zaro ɗaya. Kawu ya yi dariya fiye da yadda maganar ta kai. "Ai duk ɗaya ne, ranki ya daɗe. Uwa ɗaya uba ɗaya."

Maigadi ya kawo ruwan rijiyar a bokiti, kore-kore, da ɗan wari, da wasu abubuwa na yawo a ciki. Aka zuba. A ƙa'ida nan ne Mai Kofi ke cika lokaci da surutu, domin tukunyar kirki tana sa mutum jira har ya gaji. Yau ko gaisuwa ba ta gama ba aka ji ruwa na tsiyaya a ƙasan bokiti.

"Kai, masha Allah!" in ji Shugaba. "An ce min jinkiri ne aibinsu. Ashe ƙarya ake yi muku."

Mai Kofi ta murɗa famfon. Ruwan ya fito garau, har hasken rana na wasa a cikinsa. Ta dubi Kawu, shi kuma ya dubi takalminsa. Yara sun yi tsit suna jira. Ta yi bismilla ta kafa kai. Ɗanɗanon laka ne da wani abu mai kama da ruɓaɓɓen ganye, amma ta shanye ta kifa kofin kamar yadda ta saba, aka tafa.

Ta ɗauka an gama. Sai ta ji Shugaba ta ɗaga murya.

"To, yara, wa zai ɗanɗana?"

Hannaye suka tashi ko'ina, ƙanana na tsalle suna "Ni! Ni!" Wata malama har ta fara jera su a layi, 'yan aji ɗaya a gaba. Mai Kofi ta dubi layin. Ba ta yi shawara da kowa ba, ko da zuciyarta, ta sake tara kofin ta kai baki.

"Ku yi haƙuri, Anti ta sha rana a mota," ta ce, tana murmushin da ya fi kuka ciwo.

Yara suka fashe da dariya. Ta sake cikawa ta shanye, ta kuma cikawa. Yanzu tafi suke yi mata suna kiɗa tebura, sun ɗauka wasan ke nan. Ruwa na bin haɓarta yana jiƙa mayafi, cikinta ya ɗaure tamau, maƙogwaronta na ƙin karɓa tana tura masa dole. Da famfon ya fara ja da baya, ta karkata bokitin ta tatse ragowar, ba ta bar ko na jiƙa harshe ba.

Shugaba tana dariya har da share hawaye. "Ni dai na ga masu talla iri-iri, amma ban taɓa ganin wanda ya yarda da kayansa haka ba. Malam, ka yi sa'ar 'ya. A sauke duka, kowane aji ya ɗauki nasa. Zan kuma yi wa sauran makarantu magana."

Kawu ya matso kusa da ita, ya yi ƙasa da murya. "Allah ya yi miki albarka. A hanya za mu tsaya a kemis."

Ta jingina da jikin mota tana numfashi da baki, tana kallon Direba na miƙo tukwane, yara na karɓa bibbiyu suna tafiya da su a hankali kamar an ba su jariri. Tuni maigadi ya koma rijiya da bokitai biyu. Bokiti guda ta iya shanyewa, shi ma da ƙyar, ga kuma ajujuwa a jere har ƙarshen baranda.

Aka ja gefen mayafinta. Wata 'yar ƙarama ce mai giɓi a baki, rigar makarantar ta yi mata yawa.

"Anti, ke kika san su. Wacce ta fi kyau? Ki zaɓa wa ajinmu, mu ne muka fi yin ciwon ciki."

Mai Kofi ta dubi tukwanen da suka rage a cikin ciyawa, jajaye, sumul, ba wadda ta fi wata. Ta tuna ɗakinsu a gidan Kawu, da Inna a bakin bahon wanki. Yarinyar na nan tsaye ta miƙo hannu biyu.

"Babu ko ɗaya," ta ce.

Muryar ta fita fiye da yadda ta yi niyya. Direba ya tsaya da tukunya a hannu. Shugaba ta juyo, ta gyara zaman tabaranta.

"Me kika ce, 'yata?"

Kawu bai dube ta ba, bai kuma hana ta ba. Ya cire hularsa, ya zauna a bakin motar ya riƙe ta da hannu biyu. Mai Kofi ta goge bakinta da bayan hannu, ta sake faɗa.