Kiwon da Tahira Ta Bar wa Babanta

Ranar da Tahira za ta tafi bautar ƙasa, ta jera wa mahaifinta kwalabe uku masu faɗin baki a kan tagar ɗakinsa. Kowace da ƙasa mai damshi a ciki, da gawayi, da busasshen ganye.

"Baba, akwai 'yan ƙwari a ciki, ba su kai ƙwayar gero ba," in ji ta. "Kalarsu ruwan lemo, in aka taɓa su sai su yi tsalle. Malaminmu na jami'a ne ya ba ni iri, daga ƙasar waje aka kawo masa. Ka riƙa yayyafa musu ruwa, duk sati ka jefa musu ƙwayar shinkafa ɗaya. Kar rana ta taɓa su."

Malam Abdussalam ya yi dariya. "Mutane na kiwon awaki, ke kin koma kiwon ƙuma." Amma dai ya karɓi amanar.

Sati biyu yana zuba ruwa bai ko leƙa ba. Da bazara ta kankama, zafi ya tsananta, wata safiya sai ya ɗaga kwalba ɗaya ya duba. Bai ga komai na motsi ba. Ya juya ta, ya kai ta bakin ƙofa wajen haske. Ƙasa ce kawai da ganye. Sauran biyun ma haka.

Nan take ya ɗauko wayarsa. Ya kira Tahira, wayarta a kashe.

Ya saɓi fartanya ya tafi sharar gona, ko kunya biyu bai gama ba ya dawo. Ya ɗauke kwalaben daga taga ya kai su gindin randa. Can ya ce ai sanyin zai yi musu yawa, ya mayar da su ƙarƙashin gado. Bayan azahar ya sake fito da su.

Matarsa Hure ta gaji da zirga-zirgar. Ta karɓi ɗaya ta leƙa. "Malam, ga su nan fa suna ta tsalle."

"Lallashina kike yi."

"Wallahi ga su nan. Ka zauna ka ci abinci."

Bai ci ba. Kwana uku yana kira, wayar ba ta shiga. Ko a masallaci hankalinsa na kan abin da zai faɗa wa yarinyar nan, da ta yi shekara biyu tana tattalin abinta.

Ranar kasuwar Ɗanbatta ya hau mota ba tare da ya san me zai saya ba. Yana cikin yawo ya tsaya a teburin Tasi'u mai tabarau, wani tsohon ɗalibinsa. Tasi'u ya saka masa guda ɗaya, ya miƙa masa guntuwar jarida. Baƙaƙen suka fito tar. Malam bai tuna rabon da ya ga rubutu haka ba, sai ya biya kuɗin tabarau ɗin.

Bai jira kasuwa ta ci ba, ya juyo gida. Ko takalmi bai cire ba ya durƙusa gaban kwalba. Ga su nan birjik, a kan gawayi, a jikin gilashi, sun yanyame ƙwayar shinkafar, har da wasu 'yan mitsi-mitsi da ba su gama yin kala ba. Ya hura musu iska kaɗan, suka watse kamar an watsa gari. Ya daɗe a nan, yana murna, yana kuma jin wani iri a ransa, da ya gane ido ne ya fara guje masa bai sani ba.

Da la'asar wayar Tahira ta shiga. Ashe wurin da aka tura ta ba sabis.

"Baba, ya 'yan kiwona?"

"Sun hayayyafa, wurin ya yi musu kaɗan. Ni ne dai na koma mai ido huɗu."

Ta ce in ta zo hutu za ta kai shi asibitin ido a Kano. Kafin nan ya nemi wata kwalbar ya raba su.

Ya ajiye waya ya nufi madafi. "Hure, wannan kwalbar ta daddawa, juye min ita."

"Ba dai tawa ba," in ji Hure. Amma ta miƙe tana neman kwanon da za ta juye.